Ranar da Malam Ya Sa Jita Kuka

Maigidana sunan shi Gwadabe. Ban saba faɗin sunan ba, amma tunda labari ne na faɗa sau ɗaya, daga nan Malam zan riƙa cewa. Direba ne, ya yi aiki da wata ma'aikatar gwamnati har ya yi ritaya, kuma tun ranar da ya aje makullin mota babu abin da ya rage a duniya wanda bai iya ba. Ya gyara mani keken ɗinki, yanzu baya-baya yake tafiya. Ya gyara agogon masallacin unguwa, sai da ladan ya koma duban inuwa. In ka ce mashi bai san abu ba, amsar shi ɗaya ce: mutumin da ya kai Legas ya dawo bai tambayi kowa hanya ba, ba a gwada mashi karatun alama.

Ƙofar Kaura muke zaune, katanga ɗaya da Malam Yohanna da matar shi Esther. Mutanen Zonkwa ne, aiki ya kawo shi Katsina tun ina amarya. Ɗiyanmu tare suka tashi, da Sallah su ci namu, da Kirsimeti mu ci nasu. Malam Yohanna yana da wata tsohuwar jita, ja, wadda ya saya tun yana saurayi. Esther ta ce da ita ya nemi aurenta, don bakin shi bai iya magana ba. Kullum da marece in ya dawo aiki sai ya zamna ƙofar ɗaki ya kaɗa wani kiɗi guda mai sanyi. Akwai wurin da jitar take yin wani ɗan kuka, sautin ya ɗaga sama kamar mutum zai yi tambaya ya fasa. Ko tuwo nake tuƙawa, in an zo wurin sai na tsaya. Daga baya sanyin ƙashi ya kama mashi yatsu, suka ƙage, ya sa jitar cikin jakarta ya rataye.

Bana shi ma ya yi ritaya, suka ce gida za su koma. Ya riga ya tafi Zonkwa ya ida rufin ɗakin da za su zauna, ya bar Esther tana ɗaure kaya. Mutanen unguwa suka ce ba za a bar su su fita haka nan ba, a yi masu walimar bankwana ranar da ya dawo.

Ana cikin wannan shiri Esther ta shigo aron igiya, muka tsaya fira tsakar gida. Ta ce mani ita abin da ke ranta kawai, ta so ta ƙara jin kiɗin nan sau ɗaya cikin gidan kafin su bar shi. Da ni take magana. Malam yana alwala bakin rariya, ya ji. Bai ida wanke ƙafa ba ya ce shi zai kaɗa mata, ranar walima, gaban kowa.

Esther ta yi dariya, ta ga shi bai yi ba, ta daina. Ta tambaye shi ko ya taɓa riƙe jita. Ya ce ranar da ya fara tuƙa tirela ma bai taɓa riƙe ta ba. Ta dube ni, na dubi rariya. Ba ta iya hana shi, don shi ya kai ta asibiti cikin ruwan sama ranar da za ta haifi ɗanta Victor, kuma bai taɓa bari an manta ba. Ta buga ma mijinta waya, layin ba kyau, Malam Yohanna ya ɗauka kallo kawai za a yi, ya ce a ba shi mana.

Ta je ta kawo jitar, amma ba ta miƙa ma Malam ba. Ni ta ɗora ma bisa cinya.

"Suwaiba, ke na ba," ta ce. "Duk kayan da ke gidan can in sun ɓace a hanya ba zai yi magana ba. Wannan ita zai riƙe bisa ƙafar shi har Zonkwa. Jikar shi yake so ya ba."

Na ce Allah ya ba ni ikon riƙewa. Ban rufe baki ba Malam ya ɗauke ta.

Cikin aljihun jakar akwai takardar kiɗin, da hannun Malam Yohanna, wadda ya rubuta ma yaran coci lokacin yana koya masu. Layi shida ne a kwance, da lambobi zube bisa layukan. Wannan Esther ta sani: kowane layi tsirkiya ɗaya ce, lambar kuma gidan da za ka danna a wuyan jitar. Malam ya ce ai tun kafin ta faɗa ya gane, titi ne mai hannu shida. Kuma ba zan rage mashi ba, ya dage. Bai daɗe ba ya fara haɗa lambobin, ɗaya bayan ɗaya, kamar akuya na tafiya bisa kwanon rufi. Ana iya gane kiɗin in an riga an san shi, kuma ana son Malam.

Inda aka samu matsala kibiya ce. Nan da can, daga jikin wata lamba, sai ka ga ƴar kibiya ta fito ta lanƙwasa ta yi sama. Bisa kanta wani wuri an rubuta rabi, ɗaya bisa biyu irin na ƴan makaranta, wani wuri kwata, wani wuri kuma kalmar Turanci da Malam ya ce ful ce, wato cikakke. Esther ta ce nan ne jitar take kukan. Yadda ake yi ne ba ta sani ba, ita dai tana ganin in ya zo wurin yana rufe ido. Malam ya ce rufe ido ba wuya. Na ce ko a bugo ma Malam Yohanna a tambaye shi, ko Victor da ke Jos. Ya dube ni kamar na ce ya ɗaura zane ya fita. Ya ce da kibiyar alamar titi ya ci, da ita ya sha, da ita ya aurar da ɗiya, yau kuma ita zai tambayi wani? Kibiyar da ta lanƙwashe kwana ce, ko ɗan koyo ya sani.

Saboda haka in ya zo wurin sai ya rufe ido ya karya kwana dama, shi da jitar gaba ɗaya. Jitar ba ta yi kuka ba. Wuyanta dai ya share ƙwaryar nonon da na aje zan dama fura. Ya ce ni na aje kaya bisa hanya. Washegari wuyan ya sami ƙyauren ɗaki, fentin jitar ya ɗan ɓare. Da ya fita na shafa ma wurin man gyaɗa.

Da kwana ta ƙi, ya sa tabarau ya sake duban takardar, ya ce kuskuren kaɗan ne. Kibiyar ba dama ta nufa ba, sama ta yi. Hawa ne, irin na gada. To yanzu in ya zo wurin sai ya miƙe tsaye ya ɗaga jitar: kwata zuwa ƙirji, rabi zuwa haɓa, ful har bisa kai. Ya koma falo da aikin don kada masu wucewa su sace mashi fasaha. Ranar babu wuta tun safe, fanka tsaye, kuma ba wanda ya kashe makunninta. Yana duƙe bisa takarda aka kawo wuta. Daga baya ya ce ya ji iska, amma ya ɗauka daga kiɗin take fitowa. Ya zo wurin ful, ya rufe ido, ya miƙe.

Ina madafa na ji ƙarar. Fanka ta ɗauke ɗan ɓallin katako daga kan jitar ta jefa bayan kujera, ita kuma fiffikenta ɗaya ya sunkuya har yau. Na rarrafa na tsinto ɓallin na manna shi da ƙaro. In ba ka matso kusa ba, ba ka gani.

Labari ya kai teburin Muttaka mai shayi kafin magariba, don Malam da kan shi ya kai, yana ba da shi a matsayin irin haɗarin da gwanaye kaɗai ke fita da rai. Daga can ya kai kunnen Sada. Sada taubashin Malam ne, gyaran babur yake bakin titi, kuma tunda suke bai taɓa barin Malam ya faɗi shi kaɗai ba, sai ya zo ya tsaya ya gani. Ya yi sallama, muka gaisa, ya tambayi gida da gajiya da zafi, sannan ya juya.

"Oga direba, an ce ka yi karo da fanka. Wa ke da laifi?"

"Ita ta shigo hannuna."

"Ba ka yi mata oda ba?"

"Kai da ko keke sai an riƙe maka, mi ka sani a tuƙi?"

Sada ya ce shi dai bai taɓa jin direban da ya yi haɗari cikin falo ba. Ya jawo jitar yana duba inda ta ji ciwo, Malam yana riƙe da cikinta ya ƙi saki. Sai Sada ya kama ɗaya daga ƴan kunnuwan ƙarfen nan da ke kanta, waɗanda ake ɗaure tsirkiya da su, ya murɗa don ya ga ko fanka ta kashe shi. Daidai lokacin yatsan Malam ya taɓa tsirkiyar. Sautin ya ɗaga sama.

Daga bayan katanga muka ji muryar Esther.

"Suwaiba, kamar shi ne fa!"

Malam ya fizge jitar ya ce ma Sada dama abin da yake shirin gwadawa ke nan, ya riga shi kai hannu ne kawai don rashin kunya. Nan take ya yi mamu bayani. Kunnen nan sitiyari ne. In an rubuta kwata a murɗa kwata, in rabi a murɗa rabi, in ful a kai shi ya zagayo. Sada ya tambaya, to in an murɗa yaushe ake maido shi? Malam ya shimfiɗa mashi takardar ya ce ya gwada mashi kibiya ɗaya da ta yi ƙasa. Sada ya duba bai gani ba. Malam ya ce to ba a ribas bisa babban titi.

Saura abu ɗaya. Hagu na danne da tsirkiya, dama na kaɗawa, babu hannun murɗa kunne. Malam ya ce wannan ma ba sabon abu ba ne, kowane direba da yaron mota. Ya dube ni. Na ce ina da wanki. Sada ya ce shi zai yi, kuma ba ya son ko shayi, shi dai a bar shi ya tsaya kusa.

Haka suka kama, kullum bayan la'asar. Malam ya kaɗa, in ya zo wurin kibiya ya rufe ido ya ce rabi, Sada ya murɗa. Kibiyoyin kuma suna da yawa, kusan duk bisa siraran tsirkiyoyin. Kiɗin da ya fara da muryar dattijo sai ya ƙare da muryar sauro. Kajina suka daina shigowa tsakar gida. Wata maƙwabciya ta aiko a tambaya ko jinjiri muka samu ba a faɗa ba.

Tsirkiyar farko da ta tsinke hular Malam ta tsaga. Ta biyu ta zane Sada a kunci, ya ce shi ke nan, dama dangin uwar shi suna da tsaga shi ne ba a yi mawa ba. Ta uku ta tafi ba mu gan ta ba sai da na zo tankaɗe. Na ce don Allah a je wurin masu kiɗin coci a tambayi inda ake saida irinsu. Malam ya ce so nake asirin shi ya tonu kafin ranar. Ban da haka ma, tsirkiyar da za ta tsinke don an ɗan taɓa ta ai jabu ce, shekara da shekaru ana cutar bawan Allah bai sani ba. Sada ya ce in ƙarfi ake nema akwai wayar birkin babur a shagon shi. Suka kawo, suka warware ta sili-sili, suka zaɓi waɗanda suka yi masu. Har tsirkiyoyin da ba su tsinke ba suka cire, don Malam ya ce ba a sa sabuwar taya gefe guda.

Wayar birki ba ta tsinkewa. Malam ya ji daɗin wannan ƙwarai, har ya je teburin Muttaka ya ce in Turawan da suka ƙera jita sun ji labari za su zo Katsina ɗaukar darasi. Cikin satin Malam Yohanna ya bugo yana tambayar lafiyar gida, ya ce yaya tsohuwar tashi. Malam ya ce ba zai gane ta ba in ya dawo. Malam Yohanna ya yi godiya.

Ni ce mai goge ta kullum da safe, ni na fara gani. Wuyanta ya soma sunkuyowa. Cikinta kuma, wurin ɗan katakon da ke riƙe da wayoyin, ya kumbura kamar ƙullun waina da ya tashi. In ka kara kunne sai ka ji tana ƙas-ƙas ita kaɗai, ba wanda ya taɓa ta. Na faɗa ma Malam. Ya ce sabawa take da sabon kaya, mota ma haka take in an sa mata sabon inji.

Na yafa gyale na shiga wurin Esther in faɗa mata. Na iske ta zaune tsakiyar kwalaye da takalmin Victor na yaye a hannu, ta tsinto shi ƙasan akwati, ido ya yi ja. Kafin in buɗe baki ta kama hannuna ta ce Allah ya saka ma Malam da alheri, jiya ta ji kukan jitar har ta aje abin da take yi. Ta ce bai yi daidai da na mijinta ba, amma wa ya taɓa yi mata ko rabin haka? Na taya ta ɗaure kwali biyu na fito.

Sai na koma dabara. In Malam ya tafi masallaci sai in sassauta kunnuwan duka, jitar ta ɗan huta. Ya dawo ya iske wayoyi sun saki, ya ɗaure. Na sake sassautawa, ya sake ɗaurewa, ya ƙara da na gobe. Ya ce akwai mai yi mashi zagon ƙasa, kuma ya san Sada ne, hassada ce ta taubashi. Sada ya rantse ba shi ba ne, ya ce shi da yake jiran ƙarshen abu mi zai sa ya jinkirta shi? Ƙarshe Malam ya ɗauki jitar ya kulle cikin but ɗin tsohuwar motar shi da ke ƙofar gida bisa duwatsu, ya sa makullin aljihu. Ranar Katsina ta yini bisa motar nan. Na riƙa jiƙa buhu ina shimfiɗawa bisa but ɗin, in ya bushe in sake. Masu wucewa suna tambayata ko motar ce ba lafiya. Na ce da sauƙi.

Malam Yohanna ya iso ranar walimar da hantsi, a gajiye, ya yi wanka ya ɗan kishingiɗa. Ya aiko a kawo mashi jitar ya gani. Malam ya ce a faɗa mashi ba a ganin amarya kafin a kai ta.

Bayan la'asar aka kafa rumfa ƙofar gida aka jera kujeru. Mai unguwa ya zo, liman ya zo, faston su Esther ya zo, ga tsoffin abokan aiki, ga mata gefe guda. Na yi waina cike da babban tire, aka aje bisa tabarma bayan masu jawabi. Aka yi ta yabon Malam Yohanna, yana sunkuyar da kai. Sai aka ce saura abin da Malam Gwadabe ya shirya.

Ya fito da babbar riga, Sada na biye da shi da rigar aiki wankakka. Ya fara da jawabi. Ya ce shekara da shekaru maƙwabcin shi yana kaɗa wannan kiɗi shi kaɗai da hannu biyu, Allah kaɗai ya san wahalar da ya sha, ƙila ma ita ta ƙage mashi yatsu. Shi da ya zauna ya karanta takardar da idon sana'a, ya gano aikin mutum biyu ne. Ya ce ya kuma yi ma jitar ɗan gyara, kada a yi mashi godiya, haƙƙin maƙwabtaka ne.

Ya zare ta daga jaka. Malam Yohanna ya sa tabarau, ya cire, ya goge da bakin riga, ya maida. Ina kusa da su da faranti a hannu, na ji ya tambayi Esther a hankali ko wannan tasu ce. Ta ce tasu ce.

Malam ya zamna, ya ɗora takardar bisa gwiwa, Sada ya tsaya wurin kan jitar. Aka fara. Lambobin farko sun fita, har wata tsohuwa ta ce Allah sarki. Ya zo kibiyar farko ya rufe ido.

"Kwata."

Sada ya murɗa, kunnen ya ƙi motsi, don tun jiya a ɗaure yake tam. Ya sa hannu aljihu ya ciro filaya. Malam Yohanna ya yunƙura zai tashi, fasto ya dafa kafaɗar shi yana murmushi, ya ɗauka daɗi ne ya motsa shi.

"Rabi."

Jitar ta yi wata ƙara kamar ƙyauren da ya shekara ba mai. Liman ya ja kujerar shi baya. Yara da ke gaba suka koma bayan iyayensu ba wanda ya ce masu.

"Malam Gwadabe, dakata," in ji Malam Yohanna.

Malam bai buɗe ido ba. Ya ce ma jama'a su ji, kiɗin ya fara taɓa maƙwabcin shi, kuma ba a ma zo wurin ba. Ya kaɗa lamba biyu ya ja numfashi.

"Ful."

Daga baya Sada ya ce wai ya dube ni kafin ya murɗa. Ni ban gani ba, farantin nake kallo. Ya kama filayar da hannu biyu ya kai ta ta zagayo.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an taka ƙwarya cikin zane. Ɗan katakon nan da ke riƙe da wayoyin ya ɓalle, ya taho da fuskar jitar kusan faɗin tafin hannu, wayoyin suka yi sama da shi ya sami Sada tsakiyar goshi. Sada ya ja baya ya zamna cikin tiren waina. Malam kuwa ido rufe, hannun shi na ta kaɗa iska, sai da ya ji shirun ya yi yawa sannan ya buɗe.

Mai unguwa ya ce, "To."

Malam Yohanna ya taho a hankali ya amshi jitar. Ya leƙa ramin da ya buɗe a cikinta, ya daɗe yana leƙawa. Ya ja waya ɗaya ya murza tsakanin yatsu, ya tambayi Sada wayar mi ce wannan. Sada daga inda yake zaune ya ce ta birki ce, na gaba. Malam Yohanna ya gyaɗa kai. Ya duƙa ya ɗauki takardar daga ƙasa, ya kakkaɓe, ya ɗora yatsa bisa kibiyar.

"Maƙwabci, wannan cewa take ka tura tsirkiyar sama da yatsan da ka danne ta. Kaɗan. Kamar haka."

Ya ɗaga ƙagaggen yatsan shi ya motsa, motsin bai fi faɗin ƙwayar wake ba. Ya ce rabi, ka tura har sautin ya kai na gidan da ke gaba. Ful, ya kai na gida biyu. Kwata ɗan taɓawa ne kawai. In ka saki ta koma wurinta. Kunne ba a taɓa shi.

Malam ya dubi yatsan, ya dubi takardar, ya sake duban yatsan.

"To don wannan ɗan abin ka zana kibiya mai tsawo haka?"

Ya juya wurin jama'a ya ce su shaida, alama ce ba a kafa ta daidai ba, in bisa titi ne da yanzu ana kwasar mutane. Ba wanda ya shaida. Fasto ya ce a yi addu'a, liman ya ce shi ma abin da zai ce ke nan. Aka ɗaga Sada, aka raba wainar da ke gefe-gefe. Na hango Esther tana share ido da bakin ɗankwali. Ban iya matsawa kusa ba.

Motar kaya ta zo da sassafe. Na ƙulle masu dambun nama na hanya, na fito na tsaya bakin ƙofarsu. Malam kuwa ya fito da gam da ƙusoshi da guduma, ya ce aikin ba yawa, zai ida kafin a gama lodi. Malam Yohanna ya riga ya shiga gaban mota, jitar cikin jakarta bisa ƙafar shi, ya rungume ta da hannu biyu.

"Malam Gwadabe," ya ce, "tunda muke ban taɓa hana ka komi ba. Yau na hana ka."

Ya ce akwai wani tsohon kafinta a Kafanchan, in ta gyaru to, in ba ta gyaru ba yarinyar ta gan ta dai. Ya ɗaga gilashi a hankali. Malam ya matsa bakin gilashin ya ce ba komi, kada su ba kowa ya ɓata ta, da ya samu sarari zai biyo su har gida ya gyara ta a natse.

Esther ta fito da jakar hannu ta iske ni inda nake. Na fara maganar amanar da ta ba ni. Ta amshi ƙullin dambun ta ce in bari, ita ta kawo jitar da hannunta. Ta rungume ni, muka daɗe a haka, direba na ta yin oda. Sannan ta kawo bakinta kunnena.

"Ki zo da Kirsimeti ki kwana mana biyu. Zan yi maki kwatancen gidan a waya. Ke kaɗai."

Mota ta tashi. Malam ya tsaya tsakiyar layi da guduma a hannu yana ɗaga masu har suka ɓace. Da muka juya ya tambaye ni mi Esther ta raɗa mani. Na ce cewa ta yi a gaishe shi. Ya gyaɗa kai ya ce ai ya sani, jiya ya gan ta tana hawaye, kuma ko ƙarshen kiɗin bai kai ba.